Wasiƙa Zuwa Ga Masu Faci Da Masu Sayar Da Taya Na Ƙasar Gwandu Da Kalgo

 Bayan yi muku sannu da ƙura da zafin rana, ya ku 'yan'uwana masu rumfunan faci da shagunan taya, tun daga Cheberu da Kambaza da Dalijan har cikin garin Gwandu, da ku na bakin kwalta a Kalgo, ina neman ku ba ni aron kunnuwanku a kan wata mas'ala wadda ta shafi sana'arku, ta kuma shafi rayukan bayin Allah.

Yanzu motocin jif masu jan ƙafa huɗu sun yawaita a ƙasarmu, irin su Hilux da Prado da Land Cruiser, waɗansu na manoman shinkafa, waɗansu na ma'aikatan lafiya da ke kai allurar rigakafi ƙauyuka, waɗansu na attajirai da sarakuna. Da zarar mutum ya sayi sabuwa, ya ga tayoyin da ta zo da su na kwalta ne masu laushin zane, sai ya nufo ɗayanku ya ce a sa masa taya mai shiga ko'ina, wadda ake rubuta wa A/T a gefe, galibi kuma ya ƙara da cewa a ba shi babba. Tun da shi bai san lissafin ba, kai kuwa kullum hannunka na kan roba, to a wannan sa'a matsayinka a wurinsa matsayin mufti ne ga mai neman fatawa, duk abin da ka faɗa shi zai ɗauka, ya ɗora iyalinsa a kai ya kama hanyar Jega.

Farkon abin da ya wajaba shi ne karanta rubutun da ke jikin taya, domin ba ado ba ne. Idan ka ga an rubuta 265/65R17, wanda shi ne awon da Hilux da Prado da yawa ke zuwa da shi, to 265 faɗin tayar ne da milimita, 65 na nufin tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari ne na wannan faɗi, watau wajen milimita 172, R alamar irin saƙar radiyal ce wadda kamfanin Michelin ya fito da ita a Faransa a 1946, 17 kuwa girman rim ne da inci. Idan aka haɗa gefe biyu da rim, tsayin tayar baki ɗaya ya kama milimita 776, kuma a kan wannan tsayi ne maƙera motar suka daidaita giya da birki da maleji. Sun rubuta awon tayar, tare da awon iska, a wata 'yar takarda da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, wadda duba ta ba ya cin minti guda, alhali kuwa ita ce hujjar da ta fi zancen kowa a tasha.

To idan Alhaji ya dage sai an ƙara girma, akwai iyakar da hankali ya yarda da ita. Taya 265/70R17 tsayinta wajen milimita 803 ne, ta ɗara ta asali da kashi 3 da 'yan kai cikin ɗari, tana ɗaga cikin motar daga ƙasa da milimita 13, kuma a mafi yawan irin waɗannan motoci tana zama ba tare da an taɓa komai ba, ko da yake wajibi ne a gwada. Amma 285/70R17, wadda idon masu motoci ya fi kwaɗayi saboda cikar da take yi, tsayinta milimita 831 ne, ƙarin kashi 7 cikin ɗari ke nan, ta yadda idan maleji ya nuna 100 motar tana gudun 107 direba bai sani ba, ƙarfin jan injin ya ragu a hawa da cikin yashi, shan mai ya ƙaru a zamanin da kowa ya san yadda litar mai ta koma tun da aka janye tallafi a 2023, birki ya ƙara nisan tsayawa saboda nauyin ƙafa, sa'an nan idan aka karya sitiyari har ƙarshe, ko motar ta faɗa rami da lodi, sai tayar ta riƙa gogar jikin motar tana cin kanta. Duk wannan fa domin a sami ɗagowar da ba ta kai milimita 30 ba. Ni dai a ganina wannan israfi ne, kuma wanda ya san haka ya yi shiru don ribar taya huɗu bai cika amana ba. Idan ka ɗaura sabon awo, kada ka sallami mai mota sai ka sa an juya sitiyari dama da hagu har iyaka, an hau wani ɗan tudu da ƙafa ɗaya, ka leƙa ka ga babu inda take taɓawa, ka kuma tabbata safaya mai wannan awo za ta shiga mazauninta a ƙarƙashin mota.

Abin da ya fi girman taya muhimmanci a ƙasarmu shi ne tsayin gefenta. Wanda ya san hanyoyin da ake bi idan an sauka daga kwalta, yashin tudu mai zurfi da rani wajen gonakin gero, da laka mai danƙo ta fadamar Gulbin Rima da damina, da ƙayar bagaruwa da ta aduwa, da kututturan da aka sare aka bari a bakin gona, ya san cewa yawancin tayoyin da ke mutuwa a nan ta gefe suke mutuwa, inda faci ba ya magani. Taya 265/60R18 da 265/50R20 tsayinsu kusan ɗaya ne da 265/65R17, amma gefen ta inci 20 bai wuce milimita 133 ba, saboda haka rami ɗaya ya isa ya matse ta a kan rim ya tsaga ta. Mai mota da ya zo da rim 20 yana kuma shiga fadama, nasihar gaskiya ita ce ya koma 17 ko 18, da sharaɗin rim ɗin ya wuce kan birki ba tare da gogawa ba, ramukan kusoshinsa kuma su dace, domin Hilux da Prado shida gare su, Land Cruiser samfurin 200 biyar, samfurin 300 da ya fito a 2021 kuma ya koma shida. Dattawa daga cikinku za su tuna Landiroba ta zamanin En'e da siririyar tayarta mai lamba 7.50-16, wadda ke yanka taɓo ta tarar da ƙasa mai ƙarfi a ƙarƙashi, har yau kuma a kan irin wannan siririn awo ake ganin Land Cruiser samfurin 70 na aikin daji. Faɗi ba shi ne ƙarfi ba a cikin laka.

A cikin yashi kuwa sirrin yana ga iska. Raƙumi ba ya nutsewa domin tafin ƙafarsa yana bajewa idan ya taka, haka ita ma taya mai dogon gefe idan aka rage mata iska zuwa wajen 20 a geji, sai tafinta ya ƙara tsawo ta hau kan yashi maimakon ta tona shi. Amma ku gaya wa direba, ku maimaita masa, cewa da ya dawo kwalta sai ya mayar da iskar zuwa abin da takardar ƙofa ta ce, domin taya mai ƙarancin iska da lodi, a watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 40, tana murɗawa tana ɗaukar zafi har ta fashe ana cikin gudu. Ku kuma ku bar auna iska da bugun guduma ko danna yatsa, ku bar ɗura 50 da 60 a kowace ƙafa, ku nemi geji mai gaskiya, a auna da safe kafin taya ta yi zafi.

Bayan awo akwai wata lamba da harafi, misali 112S: 112 na nufin kowace taya tana ɗaukar kilo 1,120, S kuma iyakar gudunta kilomita 180 a sa'a. Kada a sa wadda lambar lodinta ta gaza ta asali. Ga Hilux da ke ɗaukar buhunan shinkafa da albasa, mai alamar LT, wadda gefenta ya fi kauri, ita ta fi cancanta, ko da yake ta fi nauyi da tauri. Prado da manyan Land Cruiser kuwa, da yake ƙafafunsu huɗu suna ja a kowane lokaci, ba a haɗa musu awo biyu, domin bambancin tsayi yana wahalar da giyar tsakiya har ta lalace.

Saura maganar shekaru, wadda ita ta fi damuna. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina ƙera taya a Ikeja a 2008, kasuwarmu ta dogara ga na waje, ta wannan ƙofa kuma tsofaffin tayoyi na Baljiyam suka cika rumfuna, alhali dokar kwastan ta hana shigo da su. A gefen taya, a ƙarshen layin da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu: 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗin a bar taya idan ta shekara huɗu, kuma roba a ranarmu tana tsufa ko da zanenta bai suɗe ba. Mu mutanen ƙasar da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake kwance ne, mun tashi muna jin babin ciniki na Risala a zaurukan malamai, inda aka haramta algus da ɓoye aibin haja, ban kuwa san aibin da ya fi tsufan taya haɗari ba, tun da mai saye ba ya ganinsa sai ranar da ya bayyana a kan hanya.

Saboda haka ina roƙonku, don Allah, ku ɗora yatsan mai mota a kan waɗannan lambobi huɗu na DOT kafin ku karɓi kuɗinsa, ku kuma zaunar da yaran da ke koyon aiki a hannunku ku koya musu karanta gefen taya tun kafin ku ba su ƙarfen cire ta. Allah ya sa albarka a sana'arku, ya tsare matafiya. Wassalam.

Naku,
Wani mai bin hanyar Cheberu.