Takardar Shaidu Ba Ta Mallaka wa Mutum Gida a Tamanrasset

Duk wanda ke bin hanyar Agadas zuwa Arlit, ya wuce Asamaka da In Gezzam har ya sauka Tamanrasset, ya san 'yan uwanmu fatake sun daɗe da yin kaka-gida a wannan gari. Wasu sun zo cin kasuwar Asihar ne suka zauna, wasu kuma cinikin ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda ya riƙe su, suna kawo dabbobi suna komawa da dabino. Idan Allah Ya buɗa wa mutum, abin da yake fara tunani shi ne ya mallaki muhalli ya huta da haya. Wannan buri ne mai kyau, amma a nan ne dukiyar mutane da yawa take salwanta, kuma mu a ganinmu rashin sanin dokar ƙasar ne babban dalili.

A gida mun saba da dillali ya haɗa ciniki, a ba da kafin alƙalami, a kira shaidu, a rubuta takarda kowa ya sa hannu, a yi fatiha a watse. A Aljeriya irin wannan takarda, wadda Larabawa ke kira akad urfi, ba ta mallaka wa kowa gida. Tun ranar 1 ga Janairun 1971, lokacin da doka mai lamba 70-91 ta fara aiki, tilas ne cinikin gida ko fili ya kasance a gaban notar, wato jami'in da hukuma ta amince wa ya rubuta yarjejeniya, wanda ake kira muwassiƙ. Ko an rubuta a wurinsa ma, sashe na 793 na dokar mu'amala ta 1975 ya ce mallaka ba ta komawa hannun mai saye sai an shigar da cinikin a ofishin rajistar filaye. Wanda ya biya miliyoyin dinari a kan takardar shaidu, in rigima ta tashi, iyakar abin da zai nema a kotu shi ne a mayar masa da kuɗinsa, in har mai sayarwar yana raye kuma bai cinye su ba.

Aikin notar ya wuce buga hatimi. Shi ne zai duba ko mai sayarwa yana da takardar mallaka ta gaskiya, ko littafin fili da ake bayarwa a wuraren da aka kammala awo bisa dokar 1975. Idan gidan gado ne, sai an kawo takardar farila da ta lissafa magada, kuma kowannensu ya sa hannu ko ya wakilta wani a rubuce. Magaji ɗaya da ke Adrar ko Tahoua wanda ba a nemi yardarsa ba ya isa ya tayar da ciniki bayan shekaru. Haka nan notar zai nemo shaida daga ofishin rajista da ke nuna ko an jinginar da gidan.

Batun jingina yana buƙatar a natsu. A dokar Aljeriya jingina tana bin gida ne duk hannun da ya shiga. Idan mai gida ya ci bashin banki, kamar CNEP da ta shahara da bashin gidaje, ya jinginar da gidan sannan ya sayar maka, bankin na da ikon sa a yi gwanjonsa kana ciki. Saboda haka kada ka cika kuɗi sai ka ga takardar ɗage jingina kuma an soke ta a rajista. Wanda kuma yake son sake jinginar da gidansa don ƙara jari, ko ya koma wani banki, ya sani cewa sai ya koma gaban notar, kuma masu bin bashi ana biyansu ne bi da bi, gwargwadon ranar da kowa ya yi rajista. Masu gudun riba sun sami sauƙi tun 2020, da Babban Bankin Aljeriya ya fitar da ƙa'idojin hada-hadar Musulunci, bankunan gwamnati suka buɗe sashen murabaha. Sai dai ko a nan banki kan nemi a jinginar masa da gidan, kuma wanda ya kasa biya zai iya rasa shi. Kada a jinginar da ɗakin iyali saboda kayan da suke hanya, domin kowa ya ga yadda iyaka kan rufe dare ɗaya, kamar yadda aka yi a 2020 lokacin annobar korona.

Abu mafi ciwo shi ne saye da sunan wani. Baƙon da ba ɗan ƙasa ba sai ya sami izinin wali, wato gwamnan jiha, kafin a rubuta masa cinikin gida. Don gudun wannan dogon jira, wasu kan sa sunan aboki ko suruki ɗan ƙasa. Amana tana nan muddin mutumin yana raye kuma ana shiri. Ranar da ya rasu, gidan ya shiga gadonsa, 'ya'yansa kuma ba su san wata magana ba sai abin da ke rubuce. Idan bashi ya kama shi, gidanka za a riƙe.

Wani sabon abu kuma, dokar kasafin kuɗi ta 2025 ta hana biyan kuɗin gida da tsabar kuɗi, sai ta hanyar banki. Duk dillalin da ya ce ka kawo kuɗi cikin buhu a gama a zaure, yana nufin cinikin ba zai bi ta hannun notar ba ke nan. Gaskiya ne akwai ɗawainiya: harajin rajista, kuɗin shigarwa da ladan notar. Amma wannan ɗawainiya ba ta kai zafin asarar gida sukutum ba, kuma araha ba ta ado.

Muna kira ga shugabannin 'yan kasuwa da masu masaukin fatake da su riƙa raka baƙo wurin notar kafin ya ba da ko dinari ɗaya, tare da tafinta amintacce, tunda da Larabci ake rubuta takardun. Waɗanda kuma suka riga suka saya da takardar shaidu, su nemi mai sayarwar tun yana raye, su je tare a ga yadda za a gyara. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya tsare mana guminmu.