Wa Ya Ce Carolina Ba Marubuciya Ba Ce?

A shekarar 2017 wata ƙungiyar marubuta a birnin Rio de Janeiro na ƙasar Barazil ta kira taro don karrama marigayiya Carolina Maria de Jesus. Ana tsakiyar taron sai wani shehun malamin adabi ya buɗe baki ya ce littafinta ba adabi ba ne, wai labarin wahalarta ta yau da kullum ne kawai ta zuba a takarda. An taru don yabon amarya, sai ga waliyyi yana lissafa aibobinta. Nan take marubuciya Elisa Lucinda ta mayar masa da martani, mu ma muna da namu.

An haifi Carolina a 1914 a garin Sacramento na jihar Minas Gerais, baƙar fata ce daga zuriyar bayin da aka kwaso daga Afirka. Shekara biyu kacal ta yi a makaranta. Daga baya ta zauna a Canindé, wata unguwar matalauta a bakin kogin Tietê cikin birnin Sao Paulo, a ɗan akurkin da ta harhaɗa da hannunta, ita da 'ya'yanta uku. Sana'arta tsintar takardu da ƙarafa a bola tana sayarwa. A cikin littattafan rubutun da take tsinta a jujin nan take rubuta kuɗin da ta samu a yini, da farashin wake, da faɗan maƙwabta, da ƙaryar 'yan siyasa, da daren da yara suka kwana ba su ci ba. A 1958 ɗan jarida Audálio Dantas ya gamu da ita, a 1960 aka buga Quarto de Despejo, wato ɗakin shirgi, domin a ganinta haka birni ya ɗauki unguwarsu. Kwafi 10,000 na bugun farko suka ƙare cikin mako guda, aka fassara shi zuwa harsuna fiye da goma.

Masu suka suna kafa hujja da kurakuran nahawu. To, yaushe nahawu ya zama adabi? Malamin makaranta zai iya gyara mata ƙa'idar rubutu cikin kwana biyu, amma ko shekara zai yi ba zai ga abin da idonta ya gani ba, balle ya iya zaɓen abin da za a faɗa da wanda za a bari. Wasu kuma suka ce ai Dantas ne ya rubuta mata. Rubuce-rubucenta na hannu suna nan a ajiye, har a babban ɗakin karatu na ƙasar, mai shakka ya je ya duba. Abin da ke cin ransu shi ne mace, baƙa, 'yar bola, ta shigo zauren da ba a yi mata sallama ba. Mu da muke fara tambayar sabon marubuci inda ya yi karatu kafin mu buɗe rubutunsa, kada mu yi saurin yi musu dariya.

Sai dai masu yabonta ma ba su fita ba, kuma laifinsu ya fi yi mana ciwo. Carolina ta ɗauki kanta mawaƙiya, tana da waƙoƙi da ƙagaggun labarai da wasannin kwaikwayo. Masu ɗab'i ba su so wannan ba, yunwarta suke so. Dantas ya datse rubutunta da yawa. Da ta bar Canindé ta koma gidan bulo, ta rubuta Casa de Alvenaria a 1961 tana fallasa halin masu kuɗin da suka kewaye ta, sai kasuwa ta juya mata baya. Littattafanta biyu na 1963 kusan ba wanda ya waiwaye su. Ashe kallo aka zo yi, da talaka ya ƙoshi sai 'yan kallo suka watse.

Ta rasu a 1977 a Parelheiros, a gefen birni, cikin rashi. Littafin ƙuruciyarta, Diário de Bitita, a Faransa aka fara buga shi a 1982, sai a 1986 ya fito a ƙasarta. Waƙoƙinta sun jira har 1996. Jami'ar Tarayya ta Rio de Janeiro kuwa ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 2021, shekara 44 bayan an binne ta.