Turbo ya ci kasuwa, amma wa zai biya kuɗin gyara?

Tsakanin 2014 da 2015 manyan masu ƙera motocin gudu na Turai suka juya wa injin da ke shaƙar iska da kansa baya. BMW ta cire injin V8 mai lita 4.0 daga M3, ta sa mai silinda shida da turbo biyu. Ferrari ta maye gurbin 458 da 488: girman inji ya ragu daga lita 4.5 zuwa 3.9, ƙarfin doki kuwa ya haura daga 570 zuwa 670. Porsche ma ta sa wa 911 Carrera turbo.

Dokar hayaƙi ce ta tilasta wannan sauyi. Tarayyar Turai ta kafa wa kamfanoni iyakar giram 95 na iskar kabon a kowace kilomita daga 2021, tare da tara ga wanda ya ƙetare. Turbo ya zame musu mafita, domin hayaƙin salansa ne ke juya shi, shi kuma ya cusa iska cikin ƙaramin inji har ya yi aikin babba.

Babu mai musun amfaninsa. Yana ba da ƙarfi tun inji bai ɗau zafin juyi ba, kuma a kan tudu irin na Jos, inda iska ke da sauƙi, ba ya rasa ƙarfi kamar takwaransa.

Sai dai an tsara wannan lissafi ne domin sabuwar mota mai garanti a Jamus. Ma'aikacin da ke tara albashi da alawus a Abuja yakan sayi 'yar tokumbo ce da ta riga ta ci dubban kilomita. Turbo na juyawa fiye da sau dubu ɗari a minti guda cikin zafi mai tsanani, kuma baƙin mai ne ke shafa shi, yana rage masa zafi. Jabun mai, ko jinkirin juye, ya isa ya kashe shi. Ga cunkoson Nyanya a zafin Maris, ga fetur da ba kullum ake da tabbacin ingancinsa ba. Tsimin man da ake yi masa kirari da shi ma na mai tafiya a hankali ne. Wanda ya danne totur a titin filin jirgi zai ga allura na sauka, a lokacin da janye tallafi a 2023 ya sa kowace lita ta zama abin lissafi.

Injin da ba shi da turbo yana da ƙarancin sassan da za su lalace, yana kuma amsa ƙafar direba nan take. Shi ya sa Porsche ta bar wa GT3 injinta mai lita 4.0 da ke kai juyi 9,000 a minti, masu kuɗi kuma suna rububinta.

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mai halin sayen mai na asali da biyan ƙwararren makanike ya sayi turbo, zai more shi. Wanda kuwa albashi ke riƙe da shi, gara ya fara zagayawa Apo ya tambayi farashin turbo guda kafin ya miƙa wa dillali kuɗi.