Laƙabin Da Ba A Daidaita Ba Ɓatar Da Kaya Yake Yi

Duk ma'aikacin da ya taɓa zama a ofishin ajiye takardu ya san cewa fayil ɗin da aka sa wa lamba ba daidai ba ya ɓace ke nan, ko da kuwa yana nan kwance cikin kabad. Wannan tsohuwar matsala ita ce ta bi Hausa har cikin intanet, inda jama'a suke ajiye hotuna da labarai da waƙoƙi, kowa yana liƙa wa abinsa laƙabi don mai nema ya same shi.

A ɗakin karatu ƙwararre ne ke rarraba littattafai, yawanci bisa tsarin da Melvil Dewey ya fitar a Amurka cikin 1876. To, amma da aka buɗe Delicious a 2003 da Flickr a 2004, sai aka sakar wa jama'a wannan aiki, wato mai kaya shi ne zai zaɓi kalmar da za a san kayansa da ita. A watan Agusta na 2007 kuma Chris Messina ya ba da shawarar a riƙa sa alamar # a gaban kalma a Twitter, wadda aka sake wa suna X a 2023. Babu shakka wannan 'yanci ya yi rana. Da laƙabin #BringBackOurGirls duniya ta san halin 'yan matan Chibok a 2014, kuma da #RanarHausa aka fara bikin da ake yi kowace ranar 26 ga Agusta tun daga 2015.

Sai dai na'ura ba ta san nufin mutum ba, haruffa kawai take gwadawa. A wurinta k daban, ƙ daban. Wanda ya rubuta #ɗalibai da wanda ya rubuta #dalibai sun zuba kayansu a rumbu biyu, alhali kuwa abu ɗaya suke nufi. Wanda ya yar da lanƙwasar ƙasa ya rubuta kasa, ya gwama maganar ƙasar haihuwa da ta macijiya da ta gazawa a wuri guda. Haka kuma Sallah da Salla, ko ilmi da ilimi, kowanne da nasa mabiya.

Abin da ya fi ban takaici shi ne batun hamza. Wannan alama da ake rubutawa a cikin jami'a da sana'a harafi ce cikakkiya a Hausa, amma a wurin na'ura alamar rubutu ce, kuma da zarar ta iso gare ta sai ta yanke laƙabin. Saboda haka #ma'aikata sai ya tsaya a #ma, #jami'a ta koma #jami. Hatta kalmar maudu'i, wadda 'yan jarida suke kiran irin wannan laƙabi da ita, ba ta tsira ba. Kalmomin da suka fara da 'y kuwa, irin su 'yanci da 'yan makaranta, tun daga bakin ƙofa ake tare su. A nan rubutun Nijar ya fi sa'a, domin can da harafi ɗaya, wato ƴ, ake rubuta wannan sauti.

Wasu za su ce a ƙyale jama'a, ai yawan amfani shi zai fid da gwani. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki ga harshe kamar Ingilishi, wanda rubutunsa ya cika intanet har ya tumbatsa. Hausa ba ta kai nan ba tukuna. Ɗan abin da aka tara idan ya rabu gida uku, ɗalibin da ke neman bayani a kan noman rani ko waƙoƙin Mamman Shata zai sami sulusi, ya ɗauka iyakar abin da ke akwai ke nan.

Ba a ce a ƙwace wa jama'a 'yancinsu ba. Waɗansu wurare sun riga sun nuna hanya: a Stack Overflow, inda masu ilmin kwamfuta suke tara tambayoyi da amsoshi, ana haɗa laƙabai masu ma'ana ɗaya, ta yadda duk wanda mutum ya rubuta zai kai shi rumbu guda. Tun da an taɓa zama a Yamai cikin 1980 don daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa, bai kamata wannan ƙaramin aiki ya gagara ba. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'i, musamman cibiyar nazarin harsuna ta Jami'ar Bayero wadda ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, su yanke yadda za a rubuta hamza da 'y a cikin laƙabi. Gidajen rediyo da jaridu kuma, waɗanda jama'a suka fi kwaikwayo, su fara aiki da shi. Kafin nan, jami'an watsa labarai na ma'aikatu su riƙa sa laƙabi iri biyu, mai lanƙwasa da marar lanƙwasa, a kan kowace sanarwa.