Labarin Ta'addanci da Mai Karatu: Darasi Daga Dajin Birnin Gwari

Tun da aka buga Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare a shekarar 1982, bayan gasar da Hukumar Al'adu ta Tarayya ta shirya, bakin masu karatu bai zo ɗaya ba a kan irin wannan rubutu. Littafin ya kawo labarin Mailoma, wanda ya tara tsofaffin sojoji da 'yan iska, ya mai da kisan kai sana'a. Wasu suna ganin zubar da jinin ya yi yawa, har yana iya koya wa matasa mugun hali. Wasu kuwa sun ɗauke shi zuƙi-ta-malle, watau abin da ba zai taɓa aukuwa a ƙasar Hausa ba.

Ra'ayi na biyu dai zamani ya riga ya rushe shi. A ƙasar Birnin Gwari 'yan bindiga sun mai da dajin Kamuku mafaka, hanyar Kaduna ta zama tarkon matafiya, manoma suka bar gonakinsu. A watan Mayu na 2018 an kashe mutane da dama a ƙauyen Gwaska. Kasuwar shanu ta garin ta yi shekaru a rufe, sai a watan Nuwamba na 2024 aka sake buɗe ta bayan sulhu.

Ra'ayi na farko ma ba shi da ƙarfi. Waɗanda suka shiga daji ba daga littafi suka ɗauki darasi ba. Satar shanu, da rikicin manoma da makiyaya, da yawaitar bindigogi, da raunin hukuma, su suka haifi wannan masifa.

Sukar da ta kamata mai karatu ya yi daban take. Labarin binciken laifi, irin na Turawa, a kan tambaya ɗaya ake gina shi: wa ya aikata? Da zarar an gano shi, sai a rufe littafi, hankali ya kwanta. To, amma mutumin Birnin Gwari bai rasa sanin masu laifi ba, shugabanninsu ma da suna ake kiransu. Abin da yake nema shi ne wanda zai hukunta su, da wanda zai share hawayen marayu da zawarawa.

Saboda haka marubucin da ya ƙawata ɗan ta'adda da layu da tsafi da jaruntaka, ya bar wanda aka zalunta ba suna ba murya, lalle ya yi rabin aiki. Ya kamata ɗalibin adabi ya auna littafi da wannan ma'auni: idan manomin Gwaska ya ji an karanta shi, zai ga kansa a ciki, ko kuwa sai wanda ya ƙona masa rumbu?