Dokar Kari: yadda lamba ɗaya ta hana yarinya kiran agaji

Mai karatu, idan zuciyar mutum ta tsaya, ƙwaƙwalwarsa kan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6. Shi ya sa mu likitoci muke ɗaukar wayar kiran agaji tamkar wani ɓangare na magani.

A Amurka, a da gidajen karkara da yawa kan yi tarayya a layin waya guda. Jihohi da dama suka yi doka cewa laifi ne mutum ya ƙi sakin layi bayan an gaya masa akwai gobara ko ana neman likita. Wannan layin ya kusa ɓacewa, amma matsalar ta sauya kama. Yanzu tarayyar tana otal-otal, ofisoshi, makarantu da asibitoci, inda wayoyi masu yawa ke bi ta na'ura ɗaya, kuma sau da yawa sai an danna 9 kafin a samu layin waje. Tsohuwar doka ba ta hango wannan ba.

A Disambar 2013, mijin Kari Hunt, wanda suka rabu, ya kashe ta a ɗakin otal a garin Marshall na jihar Texas. 'Yarta mai shekara 9 ta kira 911 har sau 4, kiran bai shiga ba, domin ba ta san sai ta fara danna 9 ba.

A 2018 aka sa hannu kan Dokar Kari, ta fara aiki a Fabrairun 2020. Ta wajabta cewa 911 ta shiga kai tsaye, kuma na'urar ta sanar da ma'aikatan ginin cewa an kira. Sai dai akwai giɓi: dokar ta tarayya ba ta tilasta sauya na'urorin da aka girka kafin wannan lokaci ba. Wato tsohon tarkon yana iya kasancewa a wasu gine-gine.

Me za ku ɗauka daga nan? A Najeriya lambar gaggawa ita ce 112, kuma kyauta ce. Idan kuna jinyar mai ciwon zuciya, asma ko farfaɗiya, ku koya wa yaranku lambar, da yadda za su kwatanta gida. Idan kun sauka a otal ko an kwantar da ɗan uwanku a asibiti, ku tambayi yadda ake kiran agaji da wayar ɗakin tun kafin buƙata ta taso.