Kafin Bargo, a Duba Shimfiɗa

Da zarar hunturu ya kankama, tsakanin Disamba da Janairu, masu hali da ƙungiyoyin agaji kan fito da barguna su raba wa almajirai, masu gadi da 'yan gudun hijira. Alheri ne, Allah ya saka. Sai dai mai kwana a waje, abin da ya kwanta a kai na iya zuƙe masa ɗumi fiye da iskar da ke kaɗa shi, kuma ba kasafai ake tunawa da wannan ba.

Zafin jikin ɗan Adam yana kusan digiri 37. Bargo ba ya samar da zafi, yana tsare wanda jiki ya fitar ne ta hanyar iskar da ke maƙale cikin zarensa. In aka kwanta a kansa, nauyin jiki ya matse shi, iskar ta fice, amfaninsa ya ragu ƙwarai. Dakalin siminti a bakin shago ko barandar masallaci kuwa haɗe yake da ƙasa, zai kwana yana jan zafin baya da haƙarƙari ba tare da ya ɗumama ba. Siririyar tabarmar roba ba ta hana wannan. Kwali ninki uku, buhu cike da busasshiyar ciyawa ko guntun soso sun fi ta nesa ba kusa ba, muddin a bushe suke, domin ruwa na ɗauke zafin jiki kusan sau 25 fiye da iska. Yaron da ya yi fitsarin kwance tsakar dare ya fi kowa shiga haɗari, ga shi kunya ba za ta bari ya faɗa ba.

Wani zai ce ai nan ba Turai ba ce, ba ƙanƙara. Gaskiya ne, amma daren Kano kan sauko kusa da digiri 12, na Jos har ƙasa da 10. Likitoci na ɗaukar jiki ya shiga matsala idan zafinsa ya faɗi ƙasa da 35, kuma ƙaramin yaro da ya kwana da yunwa, a jiƙe, cikin iska, ba ya buƙatar ƙanƙara kafin ya kai nan.

Wani kuma zai ce a hura wuta. Wutar kara kan mutu tun kafin asuba, daidai lokacin da sanyi ya fi tsanani. Hayaƙin taya guba ne ga huhu. Mafi muni shi ne shigar da kaskon gawayi cikin zaure a rufe ƙofa, domin garwashi na fitar da iskar da ba ta da wari, mai kashe mutum cikin barci, ban da gobara.

Kwalayen da ake zubarwa kullum a Kantin Kwari da kasuwar Singa a Kano kyauta suke. Shugabannin kasuwa na iya ware wuri a tara su, malaman tsangaya su aiko a kwasa don shimfiɗa tun watan Nuwamba.